Dakta Furunin da Namijin Dabino

"Ni da kuke gani, in na kalli itace sau ɗaya, na san ciwonsa, na san maganinsa, na san ranar da zai mutu."

Wannan ita ce maganar farko da Niyaz Husain ya yi a rumfar shayina, ranar da bas ɗin Karachi ta sauke shi a ƙauyenmu da akwati guda da almakashin yankan fure a aljihun gaba, ya maƙale shi kamar yadda likita ke maƙale biro. Ko gaisuwar kirki bai gama ba. Na zuba masa shayi, ya kurɓa, ya dubi gonakin dabinon da suka kewaye mu, ya girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

Abokina, bari in gaya maka ko wane ne Niyaz. Haifaffen garinmu ne, nan kusa da Khairpur, amma yana ɗan shekara shida kawunsa ya tafi da shi Karachi, kuma tun daga nan bai ƙara sanin dabino ba sai a faranti lokacin buɗa-baki. Shekara ashirin da shida ya yi yana aiki a wani lambun sayar da furannin tukwane a unguwar masu hali. In ka tambaye shi aikin me, sai ya ce ɓangaren ba da shawara. Gaskiyar magana, mai gadin ƙofa ne. Shi ke buɗe wa matan attajirai ƙofa, shi ke kai musu tukunya bayan mota. Sai dai kunnensa a buɗe yake kamar ƙofar da yake gadi. Duk kalmar Turancin da mai lambun ya jefa wa wata mai tabarau, Niyaz ya tsince ta ya adana. Da aka sayar da filin aka kafa bene a kai, sai ya kwaso kalmomin nan kaf ya dawo mana da su, mutumin da ko albasa bai taɓa dasawa ba.

Mu ce a rage wa itace rassa, ya ce mu daina jahilci, sunan abin furunin. Mu ce itace ya zubar da ganye, ya ce domansi yake yi. Kafin mako ya zagayo an raɗa masa suna Dakta Furunin. Da ya ji, sai ya ce ai ko a Karachi haka manya ke kiransa, ya kuma ƙara wa hularsa karkata.

To, Niyaz yana da yaya mace, Basran. Mijinta ya rasu bara, ya bar mata dabino arba'in, kuma su ne gonarta, su ne rumbunta. Wanda ke kula mata da su shi ne tsoho Sumar, mai hawan dabino, wanda tafin ƙafarsa ya yi kanta har ƙaya ke jin tsoronsa. Ana cikin sanyi sai aka aiko wa Basran cewa 'yarta da ke aure a Sukkur ta haihu, kuma haihuwar ta zo da wahala. Ta ɗaura kayanta. A gabana, tana jiran mota, ta ce wa ƙanen nata abu ɗaya kawai: ranar da rabon ruwa ya zo kansu, ya buɗe magudana, in gona ta sha ya rufe. Sauran aiki na Sumar ne.

Niyaz ya dafa ƙirji, ya kira ta Adi yadda muke kiran yaya mace, ya ce, "Adi, ki tafi da kwanciyar hankali. In kin dawo ba za ki gane gonar nan ba."

Wannan alkawarin dai, in faɗa maka gaskiya, ya cika shi.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba ya sallami Sumar. Ya ce masa zamanin hawan biri ya wuce, yanzu da ilimi ake noma. Sumar ya naɗe igiyarsa, ya zo rumfata ya zauna, ya ce in ba shi shayi mai sukari da yawa, don yana jin za a daɗe ana kallo.

Dakta ya je wurin masu gasa bulo ya ɗauko lebura biyu da ba su san komai ba sai laka. Ya sa aka kai masa gadon igiya bakin gona, ya kishingiɗa a inuwa, sanda a hannu, yana nuni. Daga kan gadon nan ya gudanar da mulkinsa duka. Tsawon zamansa bai taɓa taka ƙarshen gonar da ƙafarsa ba.

Aikin farko furunin. Ya ce rassan sun yi yawa, iska ba ta shiga. Leburori suka hau da tsani suka yi ta sara, busasshe da ɗanye ba su bambanta ba. Cikin kwana huɗu dabinon Basran suka koma kamar kajin da aka fige aka bar musu tukku. Da leburorin suka tsallaka magudanar da ke can ƙarshe za su ci gaba, maƙwabcin gonar, Punhal, ya tare su da gatari a kafaɗa ya tambaye su lafiya. Suka ce lafiya lau, suka koma.

Aiki na biyu, 'ya'yan gindi. Ka san yadda dabino ke fitar da 'ya'ya a gindinsa, ana lallaɓa su shekara uku ko huɗu kafin a cire a dasa. Basran tana da wajen talatin da suka kusa isa dashe, tana nufin ta cike da su filin bayan gidanta. Dakta ya leƙa ya ce waɗannan ɓarayin abinci ne, a Karachi da zarar sun ɓullo a gindin fure ake datse su. Aka datse. Ɓaunayen Khamiso mai saran itace suka yi kwana biyu suna walima.

Na ce masa cikin ladabi, don Sain muke ce wa wanda ake girmamawa, "Sain Dakta, wannan fa dabino ne, ba furen tukunya ba."

Ya ce, "Bachal, kai ka tsaya kan madara da sukari. Shuka duk shuka ce."

Aiki na uku, taki. Ya tarar da buhunan takin zamani da Basran ta tanada na shekara guda, ya ce rowa ce ke kashe manoman ƙauye, ya sa aka juye su duka a rana ɗaya, tuli-tuli a jikin kututture. Taki kuwa yana son ruwa a bayansa. Ranar da rabon ruwa ya zo kansu, Dakta yana rumfata yana koya wa direbobin tarakta bambancin dashe da auren itace. Ya yi bayani tun hantsi har la'asar. Kafin ya tuna da magudana, ruwa ya wuce zuwa gonar gaba, kuma ba ya dawowa sai bayan mako. Ɗan ganyen da ya tsira daga aski ya fara yin rawaya, bakinsa ya ƙone. Da aka nuna masa, ko gezau bai yi ba.

"Domansi ne," in ji shi. "Hutu suke yi."

Sumar ya ce daga kan benci, "Mahaifina ma irin wannan hutun ya tafi. Shekara talatin ke nan bai dawo ba."

Za ka ce me ya hana a kira Basran a waya. Mun yi shawarar haka. Amma mace tana jinyar 'yarta, jariri a asibiti, wa zai kira ta ya kai ƙarar ƙanenta? Kowa ya ce a bari ta dawo, ai abin da zai ɓata ya riga ya ɓata. Ashe ba mu san Dakta ba.

A tsakiyar gonar akwai wani dogon dabino da surukin Basran ya dasa tun kafin a haife ni. Namiji ne, kuma irinsa babu a duk yankin. Duk shekara in sanyi ya fara ja da baya, Sumar kan hau ya yanko kwanson furensa, ya bi matan ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu zaren furen a tsakiya yana ɗaurewa. Ba gonar Basran kaɗai ba, har ta Punhal da ta wasu gidaje uku da shi suke haihuwa. Shi ya sa muke kiransa Ango.

Ranar da duk ƙauyen muka tafi ɗaurin aure Ranipur, har ni na rufe rumfa, Dakta ya ɗaga kai daga gadonsa ya ƙare wa Ango kallo. Ya tambayi leburori ko sun taɓa jin an ci dabinon wannan ƙaton. Suka ce su dai bulo suka sani. Sai ya aika aka kira Khamiso, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa biki. Shi Khamiso ne ya ba ni labarin yadda suka yi.

"Sain, wannan namijin ne fa," in ji Khamiso.

"Namiji? Itacen ma har da namiji? Gobe sai ka nuna mini gemunsa."

"Da furensa ake yi wa sauran barbara, Sain."

"Sunan abin folineshan, kuma aikin ƙudan zuma ne da iska. Shekara ashirin da shida ina harkar nan, ban taɓa ganin an ɗaura wa fure aure ba. Sare shi. Yana shan ruwa, yana cin taki, yana tare rana, ba ya kawo komai."

Khamiso ya ce ya gargaɗe shi sau uku, ya sauke nauyin da ke kansa. Kuma dama rufin ɗakinsa yana neman azara. Ya wasa gatari.

Da muka dawo da yamma, sama ta yi wani fili a inda muka saba ganin Ango. Punhal ya je ya tsaya a kan kututturen, ya dube shi, ya dubi Dakta, ya juya ya tafi bai ce komai ba. Punhal kuwa in ya yi shiru, to ka fara neman mafaka. Sumar ne ya ari wayata ya kira Sukkur.

Washegari Basran ta sauka daga motar farko. Ba ta shiga gida ba, gona ta wuce, mu kuma muka bi ta daga nesa-nesa. Ta zagaya cikin figaggun dabinonta. Ta duƙa ta taɓa inda 'ya'yan gindi suke a da. Ta zo kan kututturen Ango ta zauna, ta ja mayafinta ta rufe fuska na ɗan lokaci. Mijinta, lokacin yana raye, a inuwar itacen nan yake sallar azahar. Babu wanda ya yi motsi, har Dakta, wanda ya taho da shirin yin jawabi.

Da ta buɗe fuska ta ce, "Niyaz, me na ce ka yi?"

"Ruwa, Adi. Amma ilimi ya nuna..."

"Ka buɗe ruwan?"

Sai ya ce ai wancan itacen ba ya haihuwa, shi ya sa.

Ta ce, "Kai ma ba ka haihuwa. Wata biyu kana cin gurasata. Ka ga na kira maka Khamiso?"

Daga nan ta gaya masa yadda lamarin yake, a hankali, kamar tana magana da mai ciwon kunne. Matan sun fara fasa kwanso. In kwanso ya fashe, kwana kaɗan ne, in ba a sa masa furen namiji ba, abin da zai fito 'yan ƙanana ne marasa ƙwallo da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Ba ta da wata gona, ba ta da wani mai kawo mata. Ta ce ya tafi Khairpur, kada ya dawo mata gida sai da furen namiji a hannunsa.

Dakta ya tafi kasuwa. Girman kai ya hana shi faɗin sunan abin kamar kowa, sai ya bi rumfuna yana tambayar kayan folineshan. Wani ya tura shi kantin magani. Mai kantin magani ya dube shi sama da ƙasa ya ba shi maganin basir. Sai bayan azahar wani dattijo ya ji tausayinsa ya ce, "Bawan Allah, furen namijin dabino kake nema?" Dakta ya waiga hagu da dama, ya ce a hankali, shi ne. A tsakiyar lokacin barbara kuwa furen nan ya fi zinariya daraja. Ya dawo da kwanso biyar a ƙunshe cikin tsumma, wuyan hannunsa babu agogo, aljihunsa babu almakashi.

Sai maganar wanda zai hau. Dakta ya zo rumfata ya tsaya a gaban Sumar, ya kira shi Baba Sumar, abin da bai taɓa yi ba.

Sumar ya hura shayinsa ya ce, "Biri ya tsufa, Sain Dakta. Ga dai igiya."

Duk da haka tsohon ya gaya masa yadda ake yi: a zaro zare uku ko huɗu, a juya kansu ƙasa, a cusa a tsakiyar furen macen, a ɗaure da ganye. Dakta ya ce ya sani, yana dai gwada shi ne.

Da safe na bar tukunyar shayi a kan wuta na bi jama'a, don rabin ƙauyen sun riga ni. Dakta ya fito da wandonsa na Karachi, igiya a kugu, tsumman fure a wuya. Ya ce a ƙa'idar ilimi ana farawa da bishiyoyin da suka fi ƙarfi. A karon farko a rayuwarsa ya shiga cikin gonar da ƙafa. Ya wuce figaggu, ya wuce masu rawaya, yana tsaki yana cewa waɗannan ba su gama domansi ba. Ya tsallaka wata 'yar magudana. Sai ga dabino kore shar, rassa cike, kwanso sun fashe fari tas.

Ya juyo mana fuska a washe. "Kun gani? Ga waɗanda maganina ya karɓa."

Wani ya buɗe baki zai yi magana. Punhal, da ke zaune a kan tabarma a gefe, ya ɗaga yatsa ɗaya. Bakin ya rufu.

Abokina, hawan nan sai wanda ya gani. Ya yi taku uku ya zamo biyu. Cikinsa ya goge kututture har maɓallan rigarsa suka yi ta faɗowa kamar ƙanƙara. Da ya isa sama, ƙayar gindin reshe ta yi masa maraba, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a wurin zama. Ya kira sunan Allah, ya kira sunan mahaifiyarsa, babu kalmar Turanci ko ɗaya da ta fito. Amma ka ba shi haƙƙinsa, tsoron Basran ya fi ƙaya tsini. Ya cusa, ya ɗaure, ya sauko, ya hau na gaba. A na uku wandon ya yage daga baya, mata suka koma gida. A na biyar Punhal ya aika aka kawo masa ruwan sanyi, har yana ce masa ya kula da wancan nonon furen na gefen gabas, kada ya tsallake shi. Dakta ya ce daga sama, ba ya buƙatar shawarar jahilai, amma ya koma ya yi shi.

Rana ta take ya gama na bakwai, zaren ƙarshe ya ƙare. Ya zamo ƙasa ya zauna, ya yi zumbur ya miƙe saboda ƙaya, ya jingina da kututture yana haki. Daidai lokacin Basran ta iso da kwanon gurasa da miya a ka. Ta tsaya a bakin magudana, ba ta tsallako ba.

"Niyaz, me kake yi a can?"

"Bakwai, Adi. Na zaɓi mafi lafiya na fara da su."

"Ka san me ya sa suke da lafiya?"

"Furunin da taki."

"Don ba ka taɓa su ba. Gonar Punhal ce."

Punhal ya miƙe, ya kakkaɓe tabarmarsa, ya zo ya kama hannun Dakta da hannu biyu ya yi masa godiya. Ya ce tun da aka sare Ango yake tunanin yadda zai yi, ashe Allah ya tanadar masa ƙwararre daga Karachi. Ya ce saura biyar a bayan rijiya, in da hali gobe ya zo da wuri.

Punhal dai ba mugu ba ne. Dama ya aika wa surukinsa a Kot Diji neman fure, kuma washegari aka kawo. Ya ɗauki na dabinonsa biyar, sauran duka ya kai wa Basran. Sumar ya karɓi igiyarsa, tsufan biri ya warke nan take, ya yi kwana uku a sama. Sauran gidajen uku suka nemo nasu da ƙyar, kuma har yau ba sa amsa gaisuwar Niyaz. Da damina ta matso aka sauke dabino, Basran ta samu kusan rabin abin da ta saba samu. Ta ci shekara da shi, da tsimi da dabara. 'Ya'yan gindi kuwa sai ta sake jiran wasu shekaru.

Dakta ya yi mako guda yana kwana rub da ciki, ana cire masa ƙaya da hantsaki. Da ya warke ya dawo rumfata, ya zauna a gefen benci da ɓari ɗaya, ya yi kwana biyu ba a ji muryarsa ba. A na uku ya fara cewa ai matsalar ƙasar nan gishiri ne ya yi mata yawa, ilimi ba ya kama ta.

Yana cikin haka sai ga wani baƙo a kan babur, mutum mai gashin baki da rawani, daga wani ƙauye a hayin kogi. Ya yi sallama ya ce yana neman Daktan nan na Karachi da ya yi aiki a gonar wata bazawara, don labarinsa ya kai musu. Niyaz ya miƙe, ya gyara hula, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji ko? Na gida ne ba ya ganin girman mutum." Ya juya ga baƙon. "Ni ne. Gonarka dabino nawa ce?"

Baƙon ya ce, "Ba tawa ba ce, Sain. Shekara tara muna shari'a da ɗan'uwana a kanta, jiya alƙali ya ba shi. So nake ka je ka kula masa da ita, ko na mako biyu ne."